Haƙƙin Mai Son Na'urori A Kanmu, Da Haƙƙinmu A Kansa

Da wuya a sami unguwa a manyan garuruwanmu, tun daga Kano da Zariya da Sakkwato har zuwa Maraɗi da Damagaram, wadda ba ta da wani mutum da aka sani da son na'urori, wanda in ka ɗaga kai ka dubi rufin gidansa za ka ga farantan sola a jere sun fuskanci kudu, in ka shiga zaurensa ka tarar da tebur cike da wayoyi da kusoshi da matattun rediyoyi, in kuwa hira ta haɗa ku bayan sallar Isha'i, to, ko da zancen siyasa aka fara, ko na tsadar hatsi, kafin a yi nisa ya karkatar da shi ya koma kan batir da inbata. Galibi ba sana'arsa ke nan ba. Malamin makaranta ne, ko akawu, ko ɗan kasuwa, ko ma'aikacin asibiti, sha'awa ce kurum Allah Ya ɗora masa. Abin da jama'a ke faɗi a kansa kuwa sananne ne. Wasu su ce, "Malam wane ai kuɗi ne ke yi masa ƙaiƙayi," wasu su ce girma ya zo masa amma ƙuruciya ba ta sake shi ba, uwargida kuma ta yi ta ƙorafin cewa tarkace ya cinye mata ɗaki. Ni dai ra'ayina, wanda nake so in shimfiɗa a wannan fili, shi ne cewa mutumin nan yana ɗauke wa unguwa wani nauyi wanda da babu shi da ya hau kan kowa, saboda haka yana da haƙƙi a kanmu wanda ba mu biya ba. Sa'an nan kuma, domin a yi adalci, mu ma muna da haƙƙi a kansa wanda ya kamata a tuna masa.

Bari mu fara da duban yadda yake tafiyar da yininsa, gama wanda bai san al'amarin mutum ba, hukuncinsa a kansa zato ne. Da ya dawo daga masallaci da asuba, sai ya leƙa fuskar inbata ya ga abin da dare ya rage a batir. In lokacin hunturu ne, ya kafa tsani ya hau da tsumma da ruwa ya goge farantan tun rana ba ta ɗaga ba, don ya san ƙura in ta yi kauri takan tauye wutar da faranti ke bayarwa, ya kuma san zuba ruwan sanyi a kan gilashin da ya sha zafin tsakar rana yana iya jawo masa tsagewa. Da yamma, bayan ya taso daga aiki, ya zauna a teburinsa da sukudireba da filaya da ƙarfen solda da 'yar mitarsa ta awo, yana bin wata fanka da aka ce ta mutu, har ya gano cewa ɗan kafasita ne na 'yan kuɗi kaɗan ya lalace. Ranar Asabar, in a Kano yake, ya nufi kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut, ko layin masu kayan wuta a Sabon Gari, ba lalle don ya sayi wani abu ba, sai don ya ga abin da ya shigo sabo, ya tsaya kan masu gyara ya yi ta tambaya, ya tsinto tsohon batirin kwamfuta wanda zai kwance ya ware ƙwayoyin da ke da sauran rai ya haɗa fitila da su. Da dare kuma, idan gida ya yi tsit, ya buɗe YouTube yana kallon wani Ba'indiye ko Bajamushe yana kwance irin na'urar da ta gagare shi, ko bai ji abin da yake faɗi ba, yana bin hannunsa da ido har ya fahimta.

Masu ganin wannan hali baƙon abu ne wanda zamani ya kawo sun manta da iyayensu. Tun sa'ad da sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979, kowane gari yana da mutumin da ya san inda kowace tasha take a gajeren zango, wanda ke ɗaura doguwar waya a kan itacen darbejiya don ya ƙara wa rediyo ji, wanda ke shanya batir a rana yana neman ya ƙara masa kwana. Kafin su akwai masu gyaran agogo da keke da keken ɗinki, waɗanda babu makarantar da ta koya musu face kwancewa da ɗaurawa. In muka ƙara komawa baya muka leƙa tarihin Musulunci, za mu tarar da 'ya'yan Musa ɗan Shakir su uku, Muhammadu da Ahmadu da Hasan, waɗanda suka zauna a Bagadaza a ƙarni na tara, suka wallafa Kitabul Hiyal, inda suka bayyana na'urori kimanin ɗari, har da fitilar da ke tura lagwaninta da kanta tana ƙara wa kanta mai. Za mu tarar da Aljazari, wanda ya kammala littafinsa a 1206, ya siffanta na'urori hamsin a ciki, da agogon ruwa, da injinan ɗaga ruwa daga kogi, da abin zuba ruwan wanke hannu, ya kuma zana kowace daki-daki domin wanda ya zo bayansa ya iya ƙera irinta. Waɗannan bayin Allah sarakuna ne suka riƙe su, malamai kuma suka kwafi littattafansu, babu wanda ya kira su maɓarnata.

Bal ma malamai sun ba wa irin wannan sani matsayi a shari'a. Imam Gazali, a farkon Ihya'u Ulumiddin, ya lissafa likitanci da hisabi da tushen sana'o'i, irin su noma da saƙa da ɗinki, a cikin farillan kifaya, watau abin da in wasu suka tsaya da shi ya faɗi a kan saura, in kuwa kowa ya bari, laifi ya game gari duka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a Usulus Siyasa, ya sanya kula da masu sana'a da raya su cikin abin da ya hau kan shugaba. To, in hujjar wannan hukunci ita ce cewa rayuwar jama'a ba ta daidaita sai da waɗannan sana'o'i, sai mu tambayi kanmu ko rayuwarmu ta yau tana daidaita ba tare da wutar lantarki da waya ba, alhali da waya ake karɓar albashi, da ita ake ciniki, da ita ake kiran likita, famfon burtsatse da lantarki yake ɗaga ruwa, allurar rigakafi kuma sai a firji take zama. Duk wanda ya yi wa kansa adalci ya san amsar. Garin da ke cike da na'urori, amma babu wanda ya san cikinsu sai mai sayar da su, gari ne da ya miƙa wuyansa ga wanda ribarsa take cikin jahilcin mai saye.

Halin da ƙasa ke ciki kuwa ya mai da wannan sha'awa larura. An kafa NEPA a 1972, aka sake mata suna zuwa PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a 2013, amma har yau abin da babban layin ƙasa ke rabawa bai cika wuce megawat dubu huɗu zuwa dubu biyar ba, ga al'umma da ta haura miliyan 200. Shekara da shekaru janareta ne ke toshe wannan giɓi, har ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta tsallake naira 1,000. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, watau waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit. A watan Oktoba na shekarar kuma, da layukan da ke kawo wuta Arewa suka sami matsala, jihohi da yawa suka kwana cikin duhu fiye da mako guda. 'Yan'uwanmu na Nijar ma sun ɗanɗani irin wannan a watan Agusta na 2023, sa'ad da aka yanke wutar da ke zuwa musu daga Nijeriya bayan juyin mulki. A irin waɗannan ranaku kowa ya ga gidan da aka yi layi da caja a ƙofarsa, da gidan da aka kai maganin mai ciwon sukari don a ajiye a firjinsa, kuma sau da yawa gidan mutumin nan ne da ake yi wa dariya. Da gari ya waye kowa na neman sola, wurinsa aka je neman shawara.

Shawarar da yake bayarwa ita ce zuciyar maganata, don haka zan dakata a kanta. Mai saye yakan shiga kanti ya ce, "Ina son sola da za ta ɗauki gidana," mai kanti kuma ya dubi aljihunsa ya haɗa masa abin da kuɗin suka kai. Mai son na'urori kuwa da alƙalami yake farawa. Zai ce maka kowace na'ura an rubuta mata ƙarfin da take ja, watau wat, in ka ninka shi da yawan awoyin da take aiki, ka sami abin da ta ci, wanda ake kira wat-awa, dubu daga cikinsa kuwa shi ne yunit ɗaya da mitar gida ke ƙirgawa. Ɗauki gida mai ƙwan fitila shida na zamani, kowane wat 9, suna ci awa biyar: wat-awa 270 ke nan. Fankar sama biyu, kowace wat 70, awa takwas: 1,120. Talabijin mai wat 60, awa huɗu: 240. Cajin wayoyi, a ce 50. Jimla ta kusa 1,700, in aka ƙara abin da inbata ke ci wajen juya wutar batir ta koma irin ta gida, sai a ce 2,000. To, babban batirin dalma da aka saba saye, mai bolt 12 da amfiya 200, abin da yake riƙewa 2,400 ne a rubuce, sai dai ƙa'idarsa ita ce kada a sha fiye da rabinsa, in ana so ya yi ƙarko. Ashe wannan ɗan gida batir biyu yake bukata, alhali mai shi da ɗaya ya fito daga kasuwa yana murna, bayan wata shida kuma ya dawo yana rantsuwa cewa jabu aka sayar masa.

Haka lissafin yake a wajen farantai. Ƙasar Hausa Allah Ya hore mata rana, ana samun abin da ya kai awa biyar ko fiye na cikakken haske a yini, saboda haka faranti mai wat 300 ya kamata ya ba da 1,500. Amma ƙarfin da aka rubuta masa a ma'aunin zafi na digiri 25 aka auna shi, kuma duk sa'ad da ya ƙara zafi sai ya ƙara rauni, ga ƙura, ga asarar da ake yi a waya in siririya ce ko doguwa, don haka mai hankali 1,100 ko 1,200 yake sa wa a ransa, ya sayi biyu ko uku. Zafin nan kuma ba ya barin batir: batirin dalma da aka ajiye a ɗakin da ke tafasa a watan Afrilu kwanansa yakan ragu da kusan rabi a duk ƙarin digiri goma, mai buɗaɗɗen baki kuma yana son a riƙa duba ruwansa ana cika shi da tataccen ruwan batir, ban da na rijiya ko na famfo. Dutsen guga ɗaya, mai wat 1,000 ko fiye, in ya yi awa guda a kan inbata, ya kusa shanye duk abin da ya halatta a sha daga batir ɗaya. Babbar hikimar mutumin nan kuwa ita ce, kafin ya ce ka ƙara batir, sai ya ce ka rage ci: canja fankokin nan biyu da masu wat 30, ka ga 1,120 ta koma 480, ka yi guga da ɗaga ruwa da rana tsaka lokacin da farantai ke kan ganiyarsu, ka bar batir ya huta sai dare. Wannan nasiha ta minti goma takan tsare wa magidanci dubban ɗaruruwan naira, kuma kyauta ake ba shi ita a bakin zaure.

Sai dai masu suka suna da hujja wadda bai kamata a raina ba, domin sun ce abin da suke gani israfi ne, shari'a kuwa ta hana israfi, kuma lalle akwai shi a wannan fage. Amma wajibi ne a rarrabe tsakanin mutum biyu waɗanda suka yi kama a ido suka saɓa a haƙiƙa. Na farko mai son saye ne. Duk sa'ad da kamfani ya fitar da sabuwar waya sai barci ya ƙaurace masa, ya sayar da ta bara da hasara ya ciwo bashi ya cika, alhali bai san abin da sabuwar ke yi wanda tsohuwar ba ta yi ba, in ban da cewa za a gan ta a hannunsa a wurin ɗaurin aure. Na biyu mai son sani ne, wanda tsohuwar waya ta fi sabuwa daraja a wurinsa, don ita yana iya buɗe ta ba tare da fargaba ba. Na farko kamar mai tara littattafai ne a kabad don baƙi su gani, na biyu kamar almajiri ne da ya lashe allonsa. Alamar da za a gane su da ita mai sauƙi ce: a dubi abin da ke faruwa in na'ura ta lalace. Mai son saye ransa yakan ɓaci ya fara lissafin kuɗin wata, mai son sani kuwa sai ka ga fuskarsa ta washe ya jawo kujera. Sukar israfi ta dace da na farko sarai, amma ɗora ta a kan na biyu zalunci ne, gama shi ne ma ke raya abin da wasu suka zubar.

Duk da haka, shi mai son sanin ma akwai haƙƙoƙi uku da ke kansa, kuma sha'awa takan rufe ido daga ganinsu. Na farko haƙƙin iyali. Ciyarwa da tufatarwa da kuɗin makaranta da magani wajibi ne, sabon inbata kuwa, komai kyansa, bai wuce mustahabbi ba, ba a kuwa barin farilla don nafila. Lokaci ma haƙƙi ne. Maigidan da ya yini a wurin aiki, ya dawo ya shige zaure ya duƙufa a kan tebur har tsakar dare, ya tashi da ƙyar sallar Asuba, ya haskaka ɗakunan gidansa amma mutanen cikinsu ba su sami hirarsa ba. Gyaran wannan bai kai ga barin sha'awa ba. Ya yanka mata lokaci da kaso daga kuɗinsa wanda uwargida ta sani ta kuma yarda, ya jawo yaransa kusa da teburin maimakon ya riƙa korarsu.

Na biyu haƙƙin maƙwabci. Rashin tsaro ya sa kyamarori sun yawaita a kan katangu, kuma babu laifi mutum ya tsare ƙofarsa. Amma gidajenmu a manne suke da juna, tsakar gida kuma wurin suturar mata ne, saboda haka kyamarar da aka ɗaga sama har ta hango tsakar gidan wani ta fita daga babin tsaro ta shiga babin tajassusi, wanda Alƙur'ani ya hana. Tun da can alƙalanmu na mazhabar Malikiyya suna hana mutum buɗe taga da za ta leƙa gidan maƙwabcinsa, kuma ba a bar mai hawa soro ko dabino ya hau ba tare da ya sanar ba. Hukuncin kyamara da na ɗan jirgin nan mara matuƙi da samari ke tayarwa a wurin biki ba zai kasa wannan ba. Haka nan wayar da aka kawo masa ya duba amana ce, hotunan da ke ciki da saƙonnin da ke ciki al'aurar mai ita ne, wanda ya iya buɗewa kuwa shi ya fi kowa bukatar tsoron Allah.

Na uku haƙƙin rai da lafiya. Batirin dalma yana fitar da iska mai kama wuta sa'ad da yake caji, don haka ba a ajiye shi a ɗakin kwana ko inda babu taga. Batirin litiyam, wanda ya fi na dalma jure caji da saukewa ninki da yawa, in an haɗa shi da hannu daga tsofaffin ƙwayoyi ba tare da allon da ke tsare shi ba, wutarsa in ta tashi ba ta jin kashewa. Hayaƙin janareta ba ya da launi ba ya da wari a ɓangarensa mai kisa, kuma ba sau ɗaya ba aka wayi gari da labarin iyali sun kwanta ba su tashi ba don an kunna shi a baranda an rufe ƙofa. Mataccen batir kuma ba a barin yara su fasa shi, ba a narka dalmarsa a tsakar gida. Gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake daga dutsen zinariya ta fito, ita ce dai wannan da ke kwance a cikin batir. Wanda Allah Ya ba shi sanin waɗannan abubuwa, in ya yi sakaci, hujja ta fi tsayuwa a kansa.

Amma haƙƙinsa da ke kanmu, mafi girmansa shi ne mu daina kashe irinsa tun suna ƙanana. Yaro ya kwance rediyon babansa don ya ga mai maganar da ke ciki, sai a ɗauko bulala, alhali da an ba shi wata matacciya an ce ya ci gaba, da la'alla an sami injiniya. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziya a Jami'ar Bayero, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da injin mota da tarkacen babur, har ya ɗaga daga ƙasa. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, da zanen motoci a takarda ya fara yana yaro. Kamfanin Apple kansa daga taron masu sha'awa ya tsiro, domin a wata ƙungiya ta masu haɗa kwamfuta a gida, wadda ta fara zama a garejin wani mutum a Kalifoniya a 1975, Steve Wozniak ya nuna kwamfutar Apple ta farko. Yau kuwa kayan koyo sun yi arha: akwai ɗan allon Arduino da aka ƙirƙiro a Italiya a 2005, wanda yaro zai iya sa shi ya kashe famfo in tanki ya cika, akwai kuma Raspberry Pi, kwamfuta mai girman tafin hannu da aka fitar a Ingila a 2012 a kan dala 35 domin yara su koya. 'Ya'ya mata ma kada a ware su, gama su ne ke yini da inbata da firji a gida, kuma wadda ta iya lissafin gado a Islamiyya ba za ta kasa lissafin wat ba.

Sauran abu guda, wanda ya rataya a wuyan ɓangarorin biyu. Abin da ya sa muka san 'ya'yan Musa da Aljazari bayan ƙarnuka shi ne sun rubuta, masu gyaran rediyo na garuruwanmu kuwa, da yake ba su rubuta ba, iliminsu ya bi su kabari, kowane sabon mai sha'awa sai ya faro daga tushe, ya ƙona abin da na gabansa suka ƙona. Saboda haka ina kira ga masu wannan baiwa da su fitar da zakkar iliminsu. Wanda ya iya rubutu ya rubuta da Hausa yadda ake lissafin sola, da yadda ake gane batir na jabu, da yadda ake tsare waya daga 'yan damfara, ya aiko wa jaridu, jaridu kuma su ware masa fili kamar yadda suke ware wa wasanni. Wanda ya fi iya baki ya ɗauki bayaninsa a waya ya yaɗa, ko ya nemi gidan rediyo. Kwamitocin masallatai da na makarantun Islamiyya, waɗanda yanzu da yawansu sun tara kuɗin jama'a sun sa sola, su sanya irin wannan mutum a cikinsu kafin a je kasuwa, su kuma ba shi aji ɗaya ranar Alhamis ko Juma'a ya zauna da yaran unguwa da 'yan matattun fankoki da mita guda. Masu hali, maimakon su jefar da tsofaffin kwamfutoci da wayoyi, su goge abin da ke ciki su miƙa wa wannan aji. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran kasafin gwamnati ko taimakon ƙasashen waje. Zaure da tabarma da niyya sun isa a fara. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kuma ba mu ikon isar da shi ga na bayanmu.